Ranar da Gero Ya Shige Cikin Wake

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da aka gwada ni a ajin yaƙi da jahilci na mata a Miri. Wata takwas ina zaman gida da takardar malanta a jaka, ga shi mu uku muke neman gurbi ɗaya. Mai duba malamai, wani Malam Yohana, zai zauna a bayan aji ya ga darasina, abin da ya rubuta kuma shi za a bi.

Darasin a kan awo ne, wato nawa mazubi yake ɗauka. A kwaleji an koya mana mu riƙa ɗauko misali daga rayuwar ɗalibai. To ni 'yar GRA ce, ban taɓa riƙe mudu ba (a gidanmu buhu ake saukewa daga mota, iyakar sanina ke nan). Amma na tsara tambayata ina ji da kaina: mace ta auna wake mudu biyu, ta zuba masa gero mudu biyu ta gauraya, mudu nawa ke nan?

Sai wata dattijuwa mai sayar da hatsi, Inna Asabe, ta ce a hankali ba zai kai huɗu ba. Maimakon in tambaye ta dalili, sai na yi mata murmushin nan na 'yan boko, na zana ƙaton huɗu a allo, har da ja masa layi biyu. Na ce mata lissafi ba ya ƙarya. Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Ina, sai da na ce a kawo hatsin a gwada kowa ta gani da idonta (tsautsayi ba ya wuce ranarsa).

Gidanta kusa yake, ta je ta ɗauko. Aka auna, aka gauraya a daro, aka sake aunawa, mata suna ƙirgawa baki ɗaya. Ɗaya, biyu, uku. Na huɗun da ƙyar ya wuce rabi. Ashe geron shigewa yake tsakanin ƙwayoyin wake. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na saci kallon Malam Yohana, na ga yana ta rubutu, na ce shi ke nan, aiki ya tafi.

Sai Inna Asabe ta karkaɗe hannuwanta ta juya gare shi.

"Ranka ya daɗe, ai Malama gwada mu take yi, ta ga ko allo za mu bi ko idonmu."

Sauran suka ce ƙwarai kuwa, ko ɗaya ba ta yi dariya ba. Da haka na samu bakin magana, na roƙe su su kawo nasu misalan. Wannan ta kawo shinkafar da ke kumbura a tukunya, waccan garin da ke raguwa in an danna shi. Har lokaci ya ƙare ni ce ɗaliba.

A bakin titi, muna jiran ɗan acaɓa, Malam Yohana ya ce min shi ba yaro ba ne, ya san ba gwaji ba ne.

"Amma ajin da ya rufa wa malama asiri tun ranar farko, ba ni zan raba su da ita ba."

Allah Ya saka wa matan nan da alheri, Ya rufa musu asiri duniya da lahira. Ni dai daga ranar, kowace tambaya zan rubuta sai na fara kai wa Inna ta sa mata albarka. Wadda ba ta taɓa awo ba, in ta ga mai hatsi ta girgiza kai, ta ajiye alli tukuna.