Na'urar Malam Ɗayyabu Ta Sami Masauki

Duk wanda ya tambaye ni yadda makarantarmu ta sami ɗakin gwaje-gwaje, sai na gama dariya kafin in ba shi amsa, don a gabana aka yi komai. Ranar baje kolin kimiyya ce ta sakandarorin ƙaramar hukumarmu, kuma an ce wadda ta zo ta ɗaya ita za a gina wa ɗakin. Mu ko kwalbar gwaji ɗaya ba mu da ita, shi ya sa kowa ya zuba wa malamin kimiyyarmu ido, wato Malam Ɗayyabu. Wata biyar mutumin nan ya yi yana ƙera abin da zai nuna yadda ake saukar da na'ura a kan tauraruwa mai wutsiya. Ya samo ɗan jirgi mara matuƙi irin na masu ɗaukar hoton biki, ya yi masa ƙafafu uku da wayar tsohuwar laima, ya sa masa ɗan ido mai neman wuri, a ƙasansa kuma ya maƙala tsinken sakace a jikin ɗan inji, wai shi ne abin haƙa. Ita kuwa tauraruwar, da takardun buhun siminti da sitaci aka mulmula ta, ta fito kamar ƙatuwar doya. Aka ɗaura mata tsohon gidan sauro a matsayin wutsiya, aka manna mata murfin kwanon silba a matsayin wurin sauka, aka ɗora ta a baro. Mai tura baron shi ne mai gadinmu, Baba Kofur, tsohon soja, shekara saba'in amma ƙafa ta ɗan ashirin.

Babban baƙo Alhaji Mamuda ne, shugaban sashen ilimi. Ya iso a makare cikin babbar riga mai sitaci, yana zama ya ce wani taron na jiransa, kowace makaranta minti goma.

Da aka zo kanmu, Malam Ɗayyabu ya karɓi lasifika ya ce, "Ranka ya daɗe, wahalar aikin nan ita ce tauraruwar ba ta tsayawa. Gudu take, tana juyi. Ba ta da ƙarfin riƙe abu, in ka dira da ƙarfi sai ka koma sama kamar ƙwallo. Jikinta duk ramuka ne da duwatsu. Ga nisa, umarni daga nan sai ya yi kusan rabin awa a hanya. Don haka na'urar ce da kanta take zaɓar masauki, inda ya fi santsi da sheƙi."

Alhaji ya duba agogo ya ce, "To, a sauke mu gani, rana na yi."

Malam ya danna, na'ura ta tashi tana zuza kamar ƙudan zuma. Ya juya ya ce, "Baba, bismilla."

Baba Kofur ya ƙame, ya sara wa Alhaji, ya kama baro. A gwajin da aka yi ta yi duk sati, tafiya yake a hankali kamar mai rakiyar amarya. Amma ranar ɗaliban makaranta shida ne suka kewaye filin ƙwallo, suna tafi suna kiran sunansa. Tsoho ya ji jininsa na da ya motsa. Ya zura da gudu, yana kwana dama yana kwana hagu kamar mai kauce wa harsashi, gidan sauro na tashi a bayansa. Na'ura ta bi shi, ta taɓa tauraruwa, ta yi tsalle. Ta sake komawa, ta sake tsalle. A karo na uku ƙafarta ta fizge murfin kwanon, ya gangara cikin ciyawa ya kife.

Malam ya bi bayansu da lasifika yana cewa, "Baba, rage gudu, don girman Allah rage gudu."

Baba ko waiwaye bai yi ba, ya amsa, "Tauraruwa ba ta da birki, Malam."

Ya zagaya ragar gola, wutsiya ta maƙale a can, shi da tauraruwarsa suka shige bayan ajujuwa. Aka bar na'ura ita kaɗai a sama, tana juya ɗan idonta, tana neman wuri mai santsi da sheƙi.

Shi kuwa Alhaji tun tsallen farko ya manta da agogo. Ya fito daga ƙarƙashin rumfa don ya gani da kyau, ya yi dariya har gumi ya jiƙa masa wuya. Sai ya cire hula zai goge kai. Rana ta daki sanƙonsa, ya ɗau ƙyalli kamar sabon faranti.

Muna kallo na'ura ta juyo. Ta zo daidai saitin kansa ta tsaya, ta fara saukowa sannu a hankali, ta ɗora ƙafafunta uku a tsakar kan, fankokinta suka mutu. Malam Ɗayyabu, da bai san ko murna zai yi ko kuka ba, ya ce cikin lasifika, "Ta sauka. Wallahi ta sauka, ko tsalle ba ta yi ba." Shugaban makarantarmu ya take masa ƙafa.

Alhaji ya sandare, hula a hannu, idanu sun koma sama. Ya ce, "Malam, mene ne yake min susa a tsakar ka?"

"Ranka ya daɗe, kada ka motsa. Haƙa ta fara. Haka na tsara ta, in ta sauka sai ta bincika ta gano abin da ke ciki."

A teburin alƙalan gasa akwai Hajiya Kulu, tsohuwar malamar firamare da ta koyar da Alhaji tun daga aji ɗaya har ya fita. Ta gama rubuta mana makin da ya sa muka zo na ɗaya, ta rufe bironta, ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, ta ce:

"Kashe ta, Ɗayyabu, kada batirinka ya ƙare a banza. Ni shekara shida na yi ina haƙa wurin nan, ban tarar da komai ba."