Man Tifa a Motar Habu

Na yi makaranta har aji huɗu, na kuma tsufa a kan sitiyarin tifa. Saboda haka da ɗana Habu ya bar mini 'yar motarsa a Tarai yana cewa, "Baba, injin turbo ne, siririn mai kaɗai yake sha," dariya na yi masa. Na duba man, na gan shi tsululu kamar shayi. Na tsiyaye shi, na ɗura mata baƙin man tifa mai kauri, irin na maza.

Ba a jima ba ciwon wana, Yaya Sule, ya tashi. Muka kwantar da shi a baya, muka nufi asibitin Rano. Kafin Kibiya motar ta yi wani irin fito, ta turnuƙe da hayaƙi, ta mutu. A babur aka ƙarasa da shi, an ɗaure shi da zani.

Bai tashi ba. Maganarsa ta ƙarshe gare ni: "Injiniya, don Allah kar ka taɓa makarata."

Har yau in aka yi rasuwa na matso zan kama makara, sai wani ya riƙe mini hannu: "Injiniya, bari mu isa lafiya."