Ɗan Japan Yana Sunkuya wa Fili, Mu Muna Durƙusa wa Rumfa

Ranar Asabar da ta wuce, ina idar da sallar asuba na tura babur ɗina zuwa gidan mai. Ku lura, turawa na ce, ban ce hawa ba, domin tankin ya bushe kamar rijiyar bazara. Na yi wa Awaisu, ɗan maƙwabcinmu a Unguwar Hajji, alkawarin zan kai shi Rogo wasan ƙarshe na cin kofi, kuma alkawari kaya ne.

Na shiga layi. Rana ta fito ta same mu, ta hau ta bar mu a nan. Ya rage ƙiris in kai bakin famfo, sai ga wasu motoci masu baƙin gilashi sun kutso. Aka ce mu ja gefe, tawagar Mai Girma Inuwar Matasa ce, Rumfa Sha Shirgi, Uban Ƙwallo da Masu Bugawa, za a sha mai a je a tallafa wa matasa. Mu matasan muka ja gefe domin a samu hanyar tallafa mana. Motoci suka sha, jarkoki suka sha, famfo ya yi tari sau biyu, mai zuba mai ya watsa hannu ya ce, "Ya ƙare." Ƙarshenta a wurin ɗan bumburutu na samu wata kwalba mai launin ruwan tsamiya. Na zuba, na yi bisimilla, na ce da babu gara ba daɗi.

To, bari in gaya muku dalilin wannan wahala, don kada ku ce ɗan boko ya rasa aikin yi.

Awaisu ɗan wasan tsakiya ne, kuma duk Karaye ba a kiransa da sunan yanka, sai dai Japan. Asalin sunan kuwa wani ɗan ƙwallon ƙasar Japan ne da muke gani a gidan kallo. Sunansa ya fi ƙarfin harshenmu, don haka muke ce masa Mai Sunkuyo, saboda duk lokacin da zai shiga fili ko zai fita, sai ya juya ya sunkuya wa filin, kamar mai gaida surukai. Awaisu ya haddace tarihinsa kaf. Ya fara a ƙungiyar makarantarsu, inda aka ce filin na da ciyawa, kuma ba a ɗaure awaki a jikin raga. Ya bar gida yana saurayi ya tafi wata ƙaramar ƙungiya a Beljiyam, ya sha zaman benci cikin sanyi, ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa. Aka ba da aronsa Jamus, ya fara haskawa, gwiwa ta tsage. Aka ce ya ƙare. Ya warke, ya koma Fotugal ya faro daga tushe. Yanzu gashi ya fara ja baya a goshinsa, amma har yau yana gudu kamar wanda ya taɓo gidan rina. Abin da ya fi burge Awaisu shi ne labarin da ake yi cewa yakan riga mai gadi isa filin atisaye.

Mahaifin Awaisu, Baba Sulle, manomin gyaɗa ne, kuma bai ga abin burgewa ba. Rannan muna zaune a ƙofar gidansa yana ɓarar gyaɗa, ya ce mini, "Kai Sagiru, wannan Bajafane naku, a ƙasarsu babu abinci ne?"

Na ce, "Akwai, Baba. Su suke ƙera irin babur ɗin da nake hawa."

"Wanda kake turawa dai. To mutum ubansa na ƙera babur, shi ya tafi yawon duniya da gajeren wando? Daga wannan gari a kore shi zuwa wancan? Mu nan ci-rani muke ce wa wannan."

Na ce, "Baba, ba korarsa ake ba, sayensa ake yi."

Ya ajiye gyaɗar ya dube ni. "Subhanallahi. Kuma kana so a sayi nawa?"

Baba Sulle dai ya yanke hukunci tun kafin kaka. Ya ce ya gaji da ganin ƙato da ƙwanji yana bin fata mai iska. Wannan kofin shi ne na ƙarshe. In ƙwallo ba ta haifar da komai ba, da an gama ɗebe gyaɗa Awaisu zai rataye takalmi ya tafi noman rani bakin dam, magana ta ƙare. Sai ga shi wani koci mai suna Zaharaddini, daga wata ƙungiya a birnin Kano, ya ji labarin Japan na Karaye, ya ce zai zo Rogo ya gani da idonsa. Sharaɗinsa guda ne: yana da atisaye washegari, kafin duhu zai kama hanya.

Mun isa Rogo babur na tari, ni ina addu'a. An ce za a take leda da an idar da la'asar. Kafin liman ya shafa fatiha 'yan wasa sun shirya, alƙalin wasa ya rataya usur, koci ya jingina da tsohuwar motarsa. Sai dai ku da kuka san al'adarmu kun san ba a taɓa ƙwallon kofi sai wanda ya sa kofin ya zo ya buga ta farko da ƙafarsa mai albarka. Kuma an kafa masa rumfa, ba a gefen fili ba, a'a, wannan ai raini ne. A kan layin fili aka kafa ta, kujeru har cikin da'irar gola, don kada babban mutum ya wahalar da idonsa.

Muka jira. Na je wurin wani mai babbar riga da ya ce shi ne shugaban kwamitin shirya gasa, na ce, "Ranka ya daɗe, rana fa tana tafiya. A fara wasa mana, in ya iso sai a tsaya ya buga."

Ya dube ni tun daga hula har silifa. "Ɗan wane ne kai?"

"Ɗan ƙasa."

"To ɗan ƙasa, ka taɓa ganin an ci tuwon biki kafin uban biki ya zo? Yi haƙuri. Yana hanya."

Yana hanya! Wallahi da za a auna tsawon hanyar da manyanmu suke kai, da tuni sun riga Mai Sunkuyo isa Fotugal. Asibiti yana hanya, taki yana hanya, fitilun filin nan da aka yi mana alkawari tun ina firamare suna hanya. Abin da ya fi ƙona mini rai ba shi ba ne, mu ne. Fili cike da jama'a, kowa ya ga inuwa tana tsawo, amma ba mai ko tari. Wani dattijo kusa da ni har cewa ya yi, "Mahaƙurci mawadaci, yaro." Na ce, "Baba, mun yi haƙurin, wadatar ce take hanya."

Rana ta yi ja sannan Inuwar Matasa ya iso, da motocin da suka sha man Karaye da safe, suka kuma biya suka share na Rogo da rana. Sai aka shiga gaisuwa. An zo lafiya? Ya hanya? Ya gajiya? Ya jama'a? Ya aka ji da mu? Kowane mai hula sai da ya durƙusa, kowane mai durƙuso sai da aka tambayi iyalinsa. Mai lasifika ya jero kirari har muryarsa ta dushe. Aka yi jawabin maraba, aka yi jawabin godiya ga mai jawabin maraba. Sannan Mai Girma ya tashi ya gaya mana cewa lokaci abu ne mai daraja, kuma matasa su daina ɓata shi. Har ya kawo misali da mutanen Japan. Na rantse muku da kunnena na ji.

Da aka zo buga ƙwallon farko, aka ce kyaftin ya kawo. Awaisu, kyaftin ɗinmu, ya ɗauko ta da hannu biyu, ya durƙusa, ya ajiye a gaban takalmin Mai Girma. Mai Girma ya tattare babbar riga, ya ja baya, ya sheƙa. Takalmi ya tashi sama ya nufi raga, ƙwallo ta tsaya inda take. Jama'a suka ɗau tafi. Mai lasifika ya ce tun da yake bai taɓa ganin bugu irin wannan ba, kuma a nan kam gaskiya ya faɗa.

Kafin a ture rumfa a kwashe kujeru, ladan ya kira magariba. Alƙali ya hura usur na farawa, ya numfasa, ya hura na tashi. Aka ce an ɗage wasa sai ranar da Mai Girma ya samu sarari. Taɓawar da Awaisu ya yi wa ƙwallo a ranar ke nan, da hannu, a durƙushe.

Koci Zaharaddini ya buɗe ƙofar motarsa ya ce mini, "Malam, mutum ɗaya na ga ya yi bugu yau. In yana son gwaji, ya zo da takalmi mai igiya." Awaisu na tsaye yana murza rigarsa. Ya ce, "Yaya, shi ke nan ko? Bakin dam?"

Amma ku ji ikon Allah. Koci ya murza makulli, allurar mai ta kwanta. Ya zaga gidajen mai, duk an ɗaure famfo. 'Yan bumburutu ma sun sayar har da na kwalbar ajiya. Dole ya kwana a Rogo, mu ma haka, a zauren wani malamin allo da ya karɓe mu kamar ya san da zuwanmu.

Da gari ya waye na nemi Awaisu na rasa. Ashe yana fili, da buhu a hannu, yana tsince ledojin ruwa da ɓawon rake da manyan baƙi suka bar wa matasa. Wai haka mutanen su Mai Sunkuyo suke yi bayan wasa. 'Yan wasan Rogo suka gan shi, kunya ta kama su, suka shigo taya shi. Da fili ya fito fes, wani ya ce, "To tunda ga mu, ga ƙwallo?" Ba rumfa, ba lasifika, ba wanda ya tambayi wani ya gajiya. Da sanyin safiya ake kama fara.

Koci ya fito da jarka yana neman mai, ya tsaya kallo, ya manta da jarkar. Ba zan ce muku Awaisu ya zama Bature a safiyar ba. Ya zubar da wata ƙwallo da ko Baba Sulle zai ci. Amma ya raba wasu guda biyu da suka sa koci ya dafe hula. Da aka tashi, Awaisu ya juya ya sunkuya wa wannan fili mai tsakuwa da kashin awaki. Koci ya yi dariya ya ce, "Kai Japan, ka zo Kano ranar Laraba. Da safe na ce, ba yana hanya ba."

Saboda haka ina miƙa godiya ta musamman ga Mai Girma Inuwar Matasa. Da bai shanye man garuruwa biyu ba, da koci ya tsere. Wannan shi ne hangen nesa, kuma shi ne aikin raya wasanni na farko da na ga ya kammala.

Baba Sulle ya ɗaga wa'adin bakin dam zuwa bayan Laraba. Ya ce, "Amma ka gaya musu, Sagiru, aro na bayar, ban sayar ba."

Sai dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Labari ya kai kunnen Mai Girma, har ya sanar cewa shi ya gano yaron, kuma zai shirya gagarumin bikin rakiya, da rumfa da jawabai, ranar Laraba da safe, shi da kansa zai ɗaga tutar tashi.

Na riga na ɓoye kwalba biyu ta mai a bayan rumbu. Talata za mu gudu. Don Allah in kun haɗu da mai babbar riga yana tambayar ina Japan, ku gaishe shi da kyau, ku tambayi iyali, sannan ku ce masa yana hanya.