An Hana Tanderun Si Busha'ib Hayaƙi

Jiya da hantsi na ɗauko tiren kwaɓin burodin gidanmu a ka, na nufi tanderun unguwa kamar kullum, sai wata baƙuwa mai jan akwati ta tare ni a lungu, wai in tsaya ta ɗauke ni hoto. Na tsaya. Ta ce in yi murmushi. Na yi. Shekarata sittin da ɗaya a unguwar nan, ban san ni abin kallo ba ne sai bana.

Kun dai san yadda lungunmu ya koma. Gida goma sha huɗu ne, tara sun zama na hayar kwana biyu zuwa uku. Inda a da maƙwabciyata Lalla Zuhur ke leƙowa ta tambayi lafiyar gwiwata, yanzu wani ɗan akwatin ƙarfe ne maƙale a ƙofa, an kulle mabuɗin baƙi a ciki. Na gaishe shi sau biyu, bai amsa ba.

Na isa na tarar da Si Busha'ib, mai tanderun, zaune a bakin ƙofa riƙe da takarda mai hatimi uku. Murhu sanyi ƙalau. Mutumin da shekara arba'in ban taɓa ganin ya zauna da hantsi ba!

"Lafiya, Si Busha'ib?"

"Karanta mini, ko idona ne ya tsufa."

Na karanta. Ashe Masu Girma Iyayen Gari, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, sun sake zana taswira, lungunmu ya zama yankin baƙi. Tanderun kuwa kayan tarihi ne, don haka wajibi ne a buɗe shi kullum baƙi su gani. Sai dai hayaƙinsa yana damun masu shan shayi a saman soro, saboda haka an hana kunna wuta.

"To da me zan gasa?" in ji shi.

"Ba a ce ka gasa ba. An ce ka tsaya kusa da murhu da farar hula."

Bai yi dariya ba. Ya dubi itacen zaitun da ya jibge a gefe, ya ce, "Ubana a nan ya koya mini. Yanzu in zama gunki?" Ni ma dariyar ta maƙale mini.

Muna haka sai ga Saje Larbi, ɗan sandan unguwa, kwaɗon kulle murhu a hannun dama, tiren kwaɓi a hannun hagu.

"Saje, kullewa ka zo yi ko gashi?" na tambaye shi.

Ya ɗaga mini ƙafarsa, sai ga babban yatsa yana leƙowa ta bakin takalmi. "Wata bakwai ke nan ƙungiyarmu na zama da majalisa kan takalma da awannin aiki. Ƙungiya ta ce mana har a gama magana, takarda dai mu kai, amma kada mu datse kwaɗo. Takarda kam na riga na kawo. Baba, hura wutarka, matata tana jira."

Si Busha'ib ya miƙe, ya ƙyasta ashana. Kafin azahar, hatta baƙin saman soron sun sauko suna bin ƙamshi, suna tambayar ko ana sayarwa.

Ni fa ban ga laifin Masu Girma ba. Hikimar da za ta buɗe tanderu ta kuma hana shi wuta ba a kwana ɗaya ake tara ta ba. Na ji an ce sun kafa kwamiti don a hanzarta sasantawa da 'yan sanda. Ranku ya daɗe, ku bi a hankali, batun takalmi ba abin gaggawa ba ne. Ban taɓa yi wa wata tattaunawa addu'ar tsawon rai ba sai wannan.