Wanda Ya Tona Asirin Cikin Hajja

"...lafiya lau, amarya. Yau kuma a tsakar gida, rana tsaka? Wa ya tono ki daga rami?"

Da haka Siddiq ya shigo gidan kakarsa a Sintali yana tura mashin ɗinsa. Ni Albarka maƙwabciyarta ce, na zo taya ta tsintar shinkafa. Tun da ya kai ta asibiti bayan ƙaramar sallah, Hajja ta ɗauke masa wuta, ko gaisuwarsa ba ta amsawa. Yaron har ya rame, don ita ta goya shi.

Ga abin da ya haɗa su. Shekara da shekaru Hajja na fama da ciwon ɓarin kai. In ya taso sai ɗaki a rufe, sai duhu, sai amai. An yi ƙaho, an sha rubutu, shiru. Duk likitan da ta gani, kai kawai take nuna masa. Bafulatana ta yi zancen cikinta a gaban namiji? Haba! 'Ya'yanta sun san tana da zafin ciki, kunya ta rufe musu baki. Sai wannan ja'iri da ya raka ta ya zazzage komai.

Hajja ta ɗago ta harare shi.

"Wa ya bar ƙofa a buɗe akuya ta shigo?"

Siddiq ya yi turus. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa, amma bakin nan bai mutu ba.

"Lallai kin warke, tunda baki ya dawo. Na zo biko ne."

"Biko? Mijin da ya tsaya gaban likita ya ce ina gyatsa kamar saniya?"

"Ban ce saniya ba. Na ce kamar injin niƙa."

"Ka ce ina lasar kanwa a ɓoye!"

"To ƙarya na yi? Awakin Baffa har ƙara suka kai, wai kin cinye musu rabonsu."

"La'ilaha! Albarka, kina jin ɗan banza? Likitan nan yaro ne sa'an ubanka, yana ta rubutawa, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige."

"Da bai rubuta ba, da wa zai gwada ki? Ai shi ya ce akwai ƙwayar cuta a cikinki, kuma masu bincike sun fara ganin ita ma kan tayar wa wasu ciwon kai. Ya ce bai yi alkawari ba, amma a kashe ta tukuna a gani."

"Ina ruwan ciki da kai? Wannan na sama, wannan na ƙasa."

"Ke ma kina Jalingo, amma in kika yi faɗa har Sunkani ake ji."

"Magani kuma kala uku, ɗaci kamar halinka."

"Kin dai shanye?"

"Na shanye don in rayu in ga wadda za ta yarda ta aure ka da waɗannan kunnuwa."

"To kan fa?"

Nan Hajja ta shiga juya shinkafa da yatsa.

"Sau ɗaya ya leƙo, bai zauna ba," ta ce a hankali. "Jiya na je suna a Kona. Aka yi kiɗa, aka yi guɗa, na zauna har aka watse. Rabona da haka tun zamanin jihar Gongola."

"Alhamdulillahi! To a biya ni ladan rashin kunya."

"Matso nan, mummuna."

Ya durƙusa. Na ɗauka ranƙwashi zai sha, sai ta dafa kansa.

"Na haifi maza huɗu masu kunya, suna kallona ina mutuwa cikin ladabi. Useko, na gode, Siddiq. Allah Ya ba ka jikan da zai yi maka rashin kunya irin wannan."

"Amin. Shi ke nan na tashi?"

"Ina za ka? Gobe ka zuba wa mashin mai. Ƙanwata ta Sunkani ita ma kai take ɗaurewa, kuma na san kanwar da take ɓoyewa a ƙarƙashin filo." Ta fashe da dariya har da hawaye. "Ka kai ta wurin yaron likitan nan, ka tona mata asiri tas. Kada ka rage komai."