Ranar da Na Lulluɓe Shanun Kafilina

Da kafilina, wato ubangidana a Saudiyya, zai bar mini shanunsa na madara a bayan Jidda, cewa na yi ya kwantar da hankalinsa, ni jikan makiyaya ne. Alhali ko akuya ban taɓa tatsa ba.

Da sanyin Janairu ya shigo, sai na kashe fankokin rumfar, na ninka musu ciyawa, na lulluɓe kowace saniya da bargo.

Kafin azahar suna ta haki, nono ya ja baya. Abokin aikina Usman ya riƙe baki.

"Ya akhi, 'yan Turai ne fa shanun nan, sanyi suke so! Kashe su za ka yi?"

Kafili ya kusa korata. Har yau abokan aiki Abu Bargo suke kirana. Su yi ta kira. Wallahi an yi sanyi ranar.