Mayafin Goggo Yalwa da Likitan Kallo Ɗaya

Wani ɗalibin likita ne, Nazifi, a babban asibitin garinmu. Bai gama karatu ba, amma bakinsa ya daɗe da gamawa. Abin sauraron ƙirji kullum a wuya, har masallaci da shi yake shiga. Cewa yake, "Ni ba na tambayar mara lafiya. Kallo ɗaya, na gano cuta."

Yaron da bai iya gaisuwa ba, me zai gano?

Ran nan na raka aminiyata Goggo Yalwa, gwiwa ke damunta. Ita kuwa ba ta fita sai da ado. Ta yafa sabon mayafinta na rini, shuni sai walƙiya yake. Ga zafi, ga layi, kafin a kira mu ta jiƙe sharkaf da gumi. Ashe ranar jarrabawar ɗalibai ce. Babban likita yana zaune a ɗakin da aka shigar da mu, ya ce wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara.

Nazifi ya faɗo ɗakin fuu, ba sallama.

Goggo ta ce, "Ɗan nan, gwiwata ce..."

"Yi shiru, tsohuwa!"

Ya cafki hannunta, ya murza wuyanta, ya juya fuskarta kamar mai taya akuya. Sai ya buga tsalle.

"Ranka ya daɗe, dubi fatarta! Ta yi shuɗi! Zuciya ta gaza, jini ba ya samun iska. In ta kwana uku, a canza mini suna!"

Goggo ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Allah! Ladi, ki yafe mini. Ki riƙe tukunyar nan da na ara, tunkiyar nan kuma a ba 'yata Sahura."

Na ce, "Tukunyata ce dama. Zauna!"

 Babban likita ya yafito wata ɗaliba, Rahanatu, mai sanyin murya. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe mu, ta tambayi gida, ta tambayi gwiwa. Sannan ta ce, "Goggo, mayafin nan sabo ne?"

"Jiya aka kawo shi daga marina, 'yar nan."

Ta jiƙa auduga ta goga wuyan Goggo. Auduga ta yi shuɗi, fata ta fito fes.

Gumi ya karyo wa Nazifi. Ya sa tafukan nan da ya murji Goggo da su, ya share goshi, ya share kumatu, ya shafa farar rigarsa.

Babban likita ya ce, "Sai baɗi, Nazifi."

Goggo ta gyara mayafinta, ta leƙa fuskarsa da kyau, ta girgiza kai.

"Ayya, likita, kai ma ka yi shuɗi. Kwana uku ke nan. Wa za ka bar wa abin wuyan?"